Aikin birkin karavan, daga Garwa

Asabar, 6 ga Janairu 2024

Zan riƙa rubuta abin da ake yi da birkin karavan ɗinnan, ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, rana da rana, don tun jiya kowa da tashi maganar, wani yace batir ne wani yace taya ce ta cinye, kuma in ba a rubuta ba nan da sati biyu ba wanda zai tuna wace waya aka taɓa wace ba a taɓa ba.

Jiya da la'asar na ɗauko ta daga inda take ajiye a ƙetaren ruwa zan kawo ta gida. Ina gangarowa daga gadar Binuwai sai ga ɗan moto da wata baiwar Allah da goyo a bayanta ya faɗo gabana. Na taka birki, Land Cruiser tana so ta tsaya amma karavan ta ƙi, ina jinta tana turo ni daga baya kaman wani ya sa kafaɗa, har bayan motar ya ɗan karkace. Tsakanina da ƙafar matar nan bai kai taku ɗaya ba. Na tsaya gefen hanya na daɗe hannuna na rawa. Wallahi daren jiya ban yi barcin kirki ba.

Karavan ɗin ƙirar Amurka ce, na saye ta bara a hannun wani bature da ya gama aiki a sansanin farauta wajen Faro zai koma gida. Aksil biyu, taya huɗu, kowane aksil an rubuta mishi fam 3,500, wajen kilo 1,600 kenan. Saboda Baba na saye ta. Shanunshi suna can saman Adamawa bayan Ngaundere, shekara biyu kenan bai gansu ba saboda gwiwa, ba ya iya kwana a ƙasa kuma ba ya iya tsuguno, ita kuma tana da gado da bayi a ciki. Yace yana so ya je kafin azumi. Amma duk wanda ya san hanyar Garwa zuwa Ngaundere ya san falez, gangaren dutsen nan, Ngaundere tana sama da mita 1,000 mu nan Garwa muna wajen 200, hawan ba shi ne damuwata ba, saukowar ce. Ba zan sa mahaifina a mota in sauko dutsen nan da tan biyu da rabi yana turo ni ba. Sai birki ya kama a taya huɗu ko kuma ba tafiya.

Litinin, 8 ga Janairu

Na kai wajen bakanike na, ya zagaya ta sau biyu yana neman igiyar birki a wuyanta bai gani ba. Ba laifinshi bane, remok ɗin da aka saba gani a nan, wato abin da mota ke ja a baya, na Turai ne, su birkinsu na turi ne, in mota ta rage gudu wuyan remok ɗin yana shiga ciki ya ja sanda ko kebul ya matse birki, ba ruwanshi da wuta. Na Amurka kuwa da lantarki yake aiki. A cikin kowace gangar birki, tambur ɗin nan, akwai maganaɗisu a ƙasa maƙale da wani hannun ƙarfe. In wuta ta shiga sai ya manne da fuskar gangar da ke juyawa, gangar ta ja shi, shi kuma ya ja hannun, hannun ya buɗe takalman birki su matse gangar. Yawan wuta yawan matsa. Mai raba wutar kuma wani ɗan akwati ne a cikin mota ƙarƙashin sitiyari, nawa Tekonsha Prodigy P2 ne, baturen ya cire daga motarshi ya bani a kwali tare da wasu tarkace.

Wani yaro mai wayarin ne ya ɗaura min akwatin bara, kuma tun lokacin in na haɗa karavan sai ya riƙa nuna n.c. yana ƙiftawa sannan ya yi shiru. Na ɗauka haka yake. Yau na zauna da takardar da ke cikin kwalin ƙanena yana fassara min, ashe ma'anarshi akwatin bai ga birkin komai ba. Wata takwas ina jan abu ba birki.

Muka kira wani dattijo mai wayarin da ke gyaran manyan motoci, ya kwanta ƙarƙashin tablo, wato dashbod, da tocila, bai yi minti biyar ba yace Alhaji zo ka gani da idonka. Wayoyi huɗu ke fita daga akwatin, baƙa ta batir, fara ta mas wato mai mayar da wuta batir, ja ta makunnin fedar birki, shuɗiya kuma ita ce ke kai wuta ga birkin karavan. Shuɗiyar an naɗe ta an ɗaure da salatif an cusa bayan kafet. Ba inda ta je.

Sai na baya, wannan shi ya fi tayar min da hankali. Motata soket ɗin Turai gare ta mai rami bakwai, karavan kuma fulogin Amurka mai baki bakwai, yaron ya yanke ya haɗa launi da launi, fari da fari shuɗi da shuɗi. Fari dai an dace, duk biyun mas ne. Amma a tsarin Turai shuɗiyar waya ta fitilar hazo ce ta baya, a na Amurka ita ce birki. Dattijon yace Alhaji ka taɓa kunna fitilar hazo kana jan abin nan? Nace a'a Malam. Yace to Allah ne ya tsare, da ka danna makunnin nan volt 12 cif zai tafi birki lokaci ɗaya tayoyi su ƙame kana gudu. Ga shi muna cikin hunturu hazo ya rufe gari, ranar da ma nake dawowa da ita saura kaɗan in kunna.

Laraba, 10 ga Janairu

Mun ja sabuwar waya mai kaurin 4 mm² daga akwatin har bayan mota, mita 7 ta ci, a cikin tiyo muka zura ta muka nisanta ta da salansa. Cikin tarkacen baturen akwai soket na Amurka sabo a leda, muka ɗaura shi kusa da na Turan, kowa da hanyarshi. Malam ya so ya sa fiyus a baƙar wayar, na nuna mishi takardar tace bireka mai komawa da kanta ta amp 20, ya yi shiru kaɗan yace gaskiyarsu ne, fiyus in ya ƙone kan gangara shikenan ba birki sai an tsaya, ita kuwa tana hucewa ta dawo. Farar wayar kai tsaye muka kaita kan batir, bamu ɗaura a bodi ba. Jar kuma mun gwada da fitilar gwaji, sai an taka feda take kawo wuta, daidai take.

Muka haɗa, harafin c ya fito a akwatin, wato ya ga birki. Na yi murna. Na fita zagaye ɗaya a unguwa, ramin farko da na faɗa n.c. ya dawo, ya tafi, ya sake dawowa.

Asabar, 13 ga Janairu

Yau dai ranar awo ce, na ce kar kowa ya sayi komai kar a kwance komai sai mun auna. Wannan shawarar Malam ce kuma na riƙe ta.

Lissafin ba wuya. Gangata ta inci 10 ce, maganaɗisunta kowane ɗaya wajen om 3.2 yake, yana jan wajen amp 3. Huɗun a jere suke kan waya ɗaya kowa na shan nashi, don haka in ka sa multimita tsakanin bakin shuɗiya da bakin fara a fulogin karavan ya kamata ka ga kusan 0.8 zuwa 1, in an taka sosai kuma jimillar wuta wajen amp 12. Mun fara haɗa bakunan mitar da juna muka ga 0.2, wannan na wayoyin mitar ne sai an cire shi. Muka auna, lamba ta ƙi zama, 2, 6, 15, ta koma 3. Malam yace wannan rawar mas ce, ko at kaman yadda 'yan Najeriya ke cewa.

Muka bi farar wayar har inda aka ɗaure ta da kusa a jikin shasi ƙarƙashin wuyan karavan. Tsatsa ta cinye wajen, ina taɓa kusar da yatsa tana juyawa. Ashe duk wannan lokacin fitilun baya ta kan ƙwallon ƙarfen da ake maƙala karavan a bayan mota suke samun mas, shi ya sa suke ci, fitila bata buƙatar wuta da yawa, amma birki ba zai yarda da wannan ba, ƙwallo ga giris ga ƙura ga girgiza. Muka goge ƙarfen da sanfefa sai da ya yi fari, sabon rami, boli da noti da washa mai haƙori, muka shafa giris a sama don damina.

Lamba ta zauna, 1.9. A cire 0.2 saura 1.7. Ƙanena ne ya fara cewa Yaya ai wannan lissafin biyu ne ba huɗu ba, 3.2 raba biyu. Haka ne kuwa. Birki biyu ne kawai ke kan layi.

Talata, 16 ga Janairu

Na aro mita mai baki irin wadda ake maƙala wa waya a wajen wani mai haɗa sola, tana auna wutar batir, don tamu ƙaramar amp 10 ce iyakarta kuma birki huɗu sun wuce haka. Muka ɗaga karavan da jak, muka sa kututture ƙarƙashin shasi ba ƙarƙashin aksil ba, ƙanena a mota yana ja ɗan hannun akwatin ni ina juya tayoyi. Na gaba biyu suna ɗan gurnani suna kamawa. Na baya biyu ko motsi, suna juyawa kaman na keke.

Tsakanin aksil na gaba da na baya wayar ta bi ta cikin rufin ƙasa, muka ɓalle shi, sheƙar ɓera ce a ciki da ɓawon gyaɗa, sun yanke wayoyi biyun tas. Dama kusa da gona take ajiye. Muka sa sabuwa, muka yi dalma, muka rufe da robar da ake ƙonawa ta matse. Na hana a yi murɗe da salatif, zafin Garwa a watan Maris da Afrilu yana narkar da gam ɗin salatif ya zame.

Muna sauke ta na shiga mota sai akwatin ya nuna S.H. Wato shot, waya na taɓa ƙarfe. Gyara ɗaya ya tono wani. Na ji ba daɗi amma Malam yace Alhaji ai gara da ya nuna a tsakar gida. Muka raba bangaren hagu da na dama na aksil na baya, shot ɗin ya ɓace in an cire wayar da ke ratsawa ta cikin bututun aksil zuwa ɗaya tayar. Muka zaro ta, daidai bakin ramin da take shiga robar ta goge jan ƙarfe a fili. Bamu mayar ta ciki ba, sabuwa muka bi da ita ta bayan aksil a cikin tiyon ruwa, muka ɗaure kowane taki, ta baya saboda dutse da kara daga gaba suke dukan aksil. Na gaban ma na ce a yi mishi haka tun bai goge ba.

Awo a fulogi yanzu 0.9. Amma wuta ta kai amp 14 da ɗoriya, ta ɗan yi yawa. Ɗaya bayan ɗaya, uku suna wajen 3, na baya hagu ya haura 5. Kuma na baya dama yana jan wuta daidai amma in na sa ƙarfi ina iya juya tayar da hannu. Sai an buɗe ganguna.

Asabar, 20 ga Janairu

An buɗe duka huɗun. Na gaba lafiya, ƙura ce kawai, fatar birkin da sauranta, an ce sai ta kai milimita 1.6 ake canzawa, tasu ta ninka haka. Na hana yaran garaj su hura ƙurar da iska, da tsumma mai jiƙe aka goge, wannan ƙurar ba ta shaƙa bace.

Na baya hagu maganaɗisun ya cinye a karkace, na ɗora ruler a fuskarshi gefe ɗaya haske na wucewa, kuma jan ƙarfen naɗin da ke ciki ya fito yana ƙyalli. Shi ya sa yake zuƙar wuta. Ya kuma karce fuskar gangar.

Na baya dama kuwa giris ne ko'ina, baƙi ƙirin, ya jiƙa takalman ya lulluɓe maganaɗisun. A bakin sandar tayar akwai ɗan nonon da ake ɗura giris, wani ya sa famfo ya yi ta bugawa har ya fasa robar da ke tare giris ta baya, jwan spi ɗin nan, ya malala cikin birki.

A nan muka yi doguwar magana. Bakanike na yace patron a wanke da fetur a ɗan gasa a wuta giris zai fita, haka suke yi wa taksi. Kawu da ya zo wucewa, shi tsohon direban tirela ne shekara da shekaru yana Ngaundere zuwa Kusiri, yace kar ka yarda, fata in ta sha giris ta sha, za ka ganta a bushe da safe, tana yin zafi a kan dutse sai ta sake tsatso shi, kuma lokacin ne kake buƙatarta. Yace shi ya ga abin da falez ta yi wa mutane bai son ya faɗa. Nace Kawu maganarka na ɗauka. Shi ya kawo shawarar a kai wa masu liƙa sabuwar fata a kasuwa, suna yi wa manyan motoci kuma aikinsu ba laifi, amma ko an yi haka maganaɗisun fa? Na zaga kasuwar kayan mota kaf ba wanda ya taɓa ganinshi, wani ma ya ɗauka na lasifika ne. Boris dai an samu ba wahala, L44649 na waje da L68149 na ciki, lambobin a jikinsu suke kuma ana samunsu.

Litinin, 22 ga Janairu

Na tura hoto Duwala a duba kasuwar kayan mota ta Kam Yabasi, babu. Na tura Yola, babu. Na yi magana da ɗan baffana da ke Amurka, yace can faranti guda ake sayarwa a haɗe, takalma da maganaɗisu da sifirin duka a ɗaure, kusa huɗu ne da waya biyu ka gama, kuma bai fi sayen ɗaiɗai tsada sosai ba. Nace ya sayo biyu, hagu da dama, inci 10 da faɗin 2 da kwata, da jwan spi guda takwas don in ajiye, da sabon makunnin gaggawa. Akwai mai tahowa Yawunde farkon wata zai saka a jakarshi.

Lahadi, 28 ga Janairu

Ba abin da aka yi, jira. Jiya da dare Najeriya ta ci mu, mu Kamaru, 2 da babu a kofin Afirka, yaran garaj yau kowa fuska a ɗaure. Na kai gangar da ta karce wajen mai tur, injin feƙe ƙarfe, ya share fuskar kaɗan, na nuna mishi lambar da aka zuba a jikin gangar, iyakar faɗin da za a iya ci kenan, bai kai nan ba.

Baba ya kira ni ɗakinshi yace wai tafiyar tana nan kuwa? Nace tana nan Baba in sha Allah, kaya ake jira. Yace in abin zai wahalar da kai a bari, shanu ba gudu za su yi ba. Na san ba har zuciyarshi bane, tun satin da ya wuce ya sa Inna ta wanke mishi babbar rigar sanyi.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Kaya sun iso ranar Laraba, daga Yawunde jirgin ƙasa zuwa Ngaundere sannan motar ajans, bas ɗin kamfanin sufuri. Yau aka ɗaura.

Saura ƙiris a yi kuskure. Farantan biyu kaman tagwaye suke, yaron ya riga ya ɗaura ɗaya a dama ya fara ɗaure kusa, ƙanena ya lura da takardar da ke manne an rubuta L. Muka tsaya muka duba na gaba da bamu taɓa ba don mu kwatanta: maganaɗisu a ƙasa, gajeren takalmi yana kallon gaban karavan, dogon yana baya. In aka juya zai kama amma ba ƙarfi, kuma ba mitar da za ta nuna maka, awo zai fito daidai. Aka sauya. Wayoyin maganaɗisu biyu kuwa ba ruwansu da wacce ce mas wacce ce wuta, duk yadda ka haɗa ɗaya ne.

Boris da hannu muka cusa musu giris a tafin hannu har ya fito ta ɗaya gefen, ba famfo. Sabon jwan spi a tayoyi huɗu duka tunda an riga an buɗe. Noti a ɗaure ana juya ganga, a sassauta, a mayar da yatsa, a sa makulli.

Sannan saiti. Bayan farantin a ƙasa akwai ɗan rami da marfin roba, ciki akwai wani ƙarfe mai haƙora kaman tauraro, da sukundireba ake juya shi. Ka yi ta buɗewa har taya ta yi wuyar juyawa, sai ka dawo baya kaɗan kaɗan har ta juya tana ɗan shafar fata kana jin sautin. Na gaba biyun da nake cewa lafiya suke ashe sun yi nisa sosai, haƙora da yawa muka juya kafin su taɓa. Ina ganin tun da aka ƙera ta ba wanda ya leƙa ramin nan. Ƙa'idar masu aksil ɗin ita ce a yi saiti bayan mil 200 na farko, kilomita 320 kenan, daga nan kowane mil 3,000, wajen kilomita 4,800.

Awo: om 0.9, amp 11.8 mota na aiki. A wayar taya ta ƙarshe volt 11 da ɗan kai ke isowa. Na karɓa.

Litinin, 19 ga Fabrairu

Bayan sallar asuba muka hau hanyar Pitowa, jiya ranar kasuwarsu ce shi ya sa na bari sai yau hanya ba kowa. Sabuwar fata bata kamawa sai ta zauna da ganga, don haka sai an gasa ta a hankali: ka kai wajen 60, ka ja hannun akwatin ba tare da taka fedar mota ba har ka sauko 30, ka saki ka yi tafiya ta huce, ka sake. Sau 20 zuwa 30 ake so. Ƙanena na ƙirgawa da tsakuwa a cikin kofi. Goman farko kaman ba komai, har na fara tunanin ko mun sake yin wani kuskure. Wajen na 15 na fara jin tana jan motar baya. Na 25 sai da kofin ya zame daga tablo.

Muka tsaya na zaga ina kai bayan hannu kusa da kowace ganga. Uku ɗuminsu ɗaya, na gaba dama ya fi su zafi sosai har da ɗan ƙauri. Ya matse da yawa. Muka jira ya huce, jak, haƙora uku baya. A dawowa duka huɗu ɗaya.

Alhamis, 22 ga Fabrairu

Makunnin gaggawa. Ɗan akwati ne a wuyan karavan da fulogin roba da igiyar ƙarfe, in karavan ta tsinke daga mota igiyar ta zare fulogin sai batirin karavan ya ba birki wuta gaba ɗaya ta tsaya da kanta. Tsohon ya cika da ƙasa, batirin kuma ya mutu murus, volt 4. Sabon batir, sabon makunni. Malam ya ja min kunne sau biyu, kafin a zare don gwaji a cire fulogin mota tukun, in ba haka ba wuta na iya komawa ta lalata akwatin, kuma kar a taɓa barinshi a zare a matsayin birkin ajiya, batir zai ƙare maganaɗisu su yi zafi. Muka zare, na sa giya ta ɗaya na ɗan ja, tayoyi huɗu suna jan ƙasa. Muka mayar nan take.

Igiyar da can a wuyan ƙwallo nake rataya ta. Malam yace in ƙwallon ne ya karye fa, ai tare za su tafi. Mun yi walda wani zobe a shasin motar don ita kaɗai.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Gwaji da kaya, na cika tankin ruwa na sa buhunan dusa shida a madadin kayan tafiya, Lagdo da dawowa. A kwalta mai kyau na sa ƙarfin akwatin a 6.0 kaman yadda takarda tace, gudu 40, na ja hannun gaba ɗaya. Bata ƙame ba, na ƙara kaɗan kaɗan, a 8 taya ɗaya ta yi ƙara, na dawo 7.4. A hanyar ƙasa 7.4 ya yi yawa tana jan tsakuwa sai na rage zuwa 5 da wani abu. Na rubuta lambobin biyu a takarda na manna a tablo. Harafin c bai motsa ba duk ramukan hanyar.

Talata, 5 ga Maris

Mun tafi Asabar, mun dawo yau. Baba ya kwana uku a cikin shanunshi, da safe a ɗora mishi kujera a ƙofar karavan makiyaya na kawo mishi su ɗaya ɗaya yana kiran iyayensu da kakanninsu, akwai wata jar saniya da ya ce jikar wadda aka ba Inna ce ranar aurensu.

Jiya da yamma kafin mu juyo na ɗaga tayoyin na sake saiti tunda sabbin sun wuce kilomita 320, na baya biyun sun ɗan saki, haƙora huɗu huɗu. A bakin falez na tsaya, na duba fulogi da igiya da sarƙa, na ja hannun akwatin na ji ta riƙe. Giya ta biyu tun daga sama kaman yadda Kawu yace, injin ya riƙe nauyin, birki a taka da ƙarfi a saki, ba a ɗora ƙafa a bari ba. A wata kwana wata tirela ta wuce mu iskarta ta kaɗa karavan, na taɓa hannun akwatin kaɗan ta miƙe. Baba na gefena da carbi bai ce komai ba har muka sauka. Kafin Mbe na faka a inuwa na zaga gangunan, da zafi amma ba ƙauri, kuma huɗun ɗaya. Baba ya leƙo yace lafiya dai? Nace lafiya lau Baba. Yace to mu je kar la'asar ta same mu a hanya.

Abin da ya rage: maganaɗisun gaba biyu tsofaffi ne, suna wajen amp 3 har yanzu amma na hagu fuskarshi ta fara cin gefe, na riga na gaya wa ɗan baffana ya nemo faranti biyu kafin damina. Fitilar baya ta hagu ta fara ƙiftawa daga Ngong, ina zargin mas ɗin fitilar ce ba na birki ba, Malam zai zo Alhamis ya duba. Sai kuma in toshe ramukan rufin ƙasa da ragar ƙarfe kafin in ajiye ta, kuma wannan karon a tsakar gida za ta zauna ba bakin gona ba.